Na Uku a Jirgin Albasa

Da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, sai aka kwaso mu malaman makaranta aka rarraba kamar buhunan gero, kowa inda ya faɗi nan ne gidansa. Ni Attahiru na faɗo wata sakandaren je-ka-ka-dawo a gefen Jega, aka ce in koyar da Turanci. Shekarata ashirin da tara a lokacin, da sabuwar takardar shaida a aljihu, da kai kamar zai fashe don girma. Wanda na gada a kujerar wani tsoho ne, Malam Maccido, da ya yi ritaya ya koma garinsu Liba ta ƙasar Maiyama. Sau ɗaya muka haɗu, ranar da ya miƙa mani makullin kabad. Ya soma yi mani bayanin wata adaka da ya bari a ciki, ni kuwa na dinga duba agogo har ya gane ya yi shiru.

A bazarar 1993 makarantu uku suka shirya jarrabawar gwaji ta haɗin gwiwa ga 'yan ajin ƙarshe, tamu ta Jega da wata a Aliero da wata a Maiyama. Injin gurza takardu guda ɗaya ne tsakaninmu, kuma a ofishinmu yake. Takardar Turanci ni aka ɗora wa, har da sashen da na fi ƙauna, wato na jeri. In mutum ya jera abubuwa a jimla, ina zai sa waƙafi, kuma yaya zai yi abin da ya jera ya zama ƙira ɗaya, kada biyu su tafi a miƙe na uku ya karkace. Nan ne ɗalibai ke zubewa, ni kuma nan nake jin daɗin jan biro. To amma sabuwar jiha ce, komai ana cewa yana hanya. Sitensil, wato takardar nan mai kaki da ake bugawa da tafireta kafin a ɗaura ta a inji, guda huɗu kacal aka ba ni, alhali ina buƙatar tara. Dole ta sa na buɗe adakar tsohon.

Kai, ka ga tsari! Kowace shekara da ɗaurin tsofaffin sitensil ɗinta, an naɗe da tsohuwar jarida an ɗaure da zare. Na dinga zarowa ina tsaki, don tambayoyin sun fi nawa kyau kuma ba na son in yarda. Abin da na samu na rena shi ne sunayen da yake sakawa a jimlolinsa, duk na mutanen da ne, irin waɗanda sai a bakin kakanni. Na zaɓi shafuka biyar da ba su lalace ba. A ɗaya daga cikinsu ne tambaya ta goma sha bakwai take. In an mayar da ita Hausa, cewa take Yaro da Delu da wane sun loda albasa, sun kwance jirgi, suna ƙetare gulbi. Babu waƙafi ko ɗaya a ciki, kuma aikin na uku an karkatar da shi da gangan. Abin da ake so ɗalibi ya sake rubuta jimlar duka da hannunsa, ya sa waƙafi inda ya dace, ya miƙar da karkataccen. Sai dai kyankyaso ya cinye suna na ukun, ya bar 'yar huda. Na liƙe wurin, na shafa jan ruwan gyara, na hura ya bushe, na zura takardar a tafireta.

Sai in faɗi abin da ya sa na buga sunan da na buga. Ina da 'ya guda ɗaya a lokacin, 'yar fari, shekararta biyar. A gidanmu mutum ba ya kiran sunan ɗan fari, kuma ba ya nuna yana sonsa a gaban mutane. Ubana bai taɓa kiran sunan yayana ba har ya koma ga Allah. Ni ma da duk bokona ban iya karya wannan ba. "Ke" nake ce mata, uwarta Rabi kuma ta ce "yarinyar nan". Amma wallahi son da nake yi wa yarinyar nan har ciwo yake yi mani a ƙirji, kuma ba ni da inda zan kai shi. Ranar nan ga ni ni kaɗai a ofis, ga huda tana jiran suna, ba mai kallona. Na buga Raihanatu, harafi bayan harafi, ina murmushi kamar wawa. Ranar Alhamis na gurza kwafi ɗari uku da tamanin da shida, kowanne na fitowa daga inji ina satar kallon sunan.

Washegari Juma'a na dawo daga masallaci, rana tsaka, ƙasa na ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Na tarar da ita zaune a gindin darbejiyar ƙofar gida ita kaɗai, ta harɗe ƙafafu kamar mai zance da manya.

"Ke, mi kike yi cikin wagga rana? Shiga gida."

"Baba, baƙinka sun gaji da jira, sun tahi."

"Waɗanne baƙi?"

"Yaro da Delu. Sun ce jirgi na bakin gulbi."

Na tsaya da dardumata a kafaɗa. Takardar nan ban kai ta gida ba, ban karanta ta a fili ba, tana kulle a kabad, yarinya kuma ko baƙin boko ɗaya ba ta sani ba. Na dubi inda take nunawa. A kan busasshiyar ƙasar nan akwai jiƙaƙƙen wuri biyu, kusa da juna, daidai zaman mutum biyu, kuma wani wari na tashi, na laka da ruɓaɓɓiyar albasa. Na ce wa kaina lokacin cirar albasa ne, ina ne ba ya warin albasa daga nan har Aliero? Ruwan kuma wata ce ta zubar. Sunaye kuwa ta tsinta a bakin maƙwabta. Na daka mata tsawa ta shige gida, na bi bayanta.

Ina da Asabar da Lahadi a hannuna. Da na so, da na cire shafin nan na sake wani. Amma sai in ce wa shugaban makaranta me? In ce ni mai koyar da Turanci na ji tsoron surutun yarinya 'yar shekara biyar? Allah wadaran girman kai. Ranar Litinin da safe aka raba takardu a garuruwa uku, yara ɗari uku da tamanin da shida suka yi bisimilla suka duƙa, kowanne ya rubuta sunan 'yata a jere da na mutanen nan biyu.

Talata ta kwanta. Ba zazzaɓi ba ne, don da zazzaɓi ne da na ji sauƙi. Jikinta sanyi ya yi, a tsakiyar bazara, lokacin da ko randa ruwanta ɗumi yake yi. Rabi ta kira ni ta yaye zanen da ta lulluɓe ta da shi ta nuna mani ƙafafunta. Tafin ya yi fari ya yamutse, irin na wanda ya daɗe tsaye cikin ruwa.

"Malam, yarinyar nan ko bakin rijiya ba ta je ba," in ji Rabi. "Mi ke faruwa cikin gidan ga?"

Na ce ban sani ba, kuma rabin ƙarya na yi. Muka kai ta asibiti, aka duba, aka yi allura, aka ce mu ba ta ruwa da yawa. Limamin unguwarmu ya yi mata rubutu ta sha. Abinci ta daina karɓa. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne tsakar rana. Yarinyar da ba ta iya ɗaga kai da safe, da zarar inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa sai ta miƙe tsaye cak ta nufi ƙofa, tana cewa ana kiranta. Sai da Rabi ta riƙa ɗaure bakin zanenta da na yarinyar. In an riƙe ta ba ta kuka, kallon ƙofa kawai take yi tana ba wasu haƙuri.

Ranar Alhamis na hau babur na nufi Liba, da kwafi ɗaya na takardar a aljihu. Na sami Malam Maccido a ƙarƙashin rumfar kara yana tsince albasar da ta fara taɓuwa daga cikin tsibi. Siririn tsoho ne, tabaransa ɗaure da zare a kunne ɗaya. Ya gane ni nan take, ya shimfiɗa mani buzu, ya sa aka kawo ruwa, ya yi ta tambayar makaranta kamar ban taɓa yi masa rashin kunya ba. Na miƙa masa takardar na sa yatsa a kan tambaya ta goma sha bakwai. Ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa.

"Wagga Raihanatu, tana da rai?"

"Ɗiyata ce, Malam."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya ajiye takardar a kan gwiwarsa a hankali. "Attahiru, abin da nis so in hwaɗa maka ke nan ranar makulli. Shekara talatin da ɗaya ina fitar da tambayoyi, ban taɓa sa sunan mai rai ba. Duk sunan da ka gani cikin adakar nan, mai shi na ƙarƙashin ƙasa."

Ya ce haka ya koya daga wanda ya koyar da shi. Jimlar jarrabawa daban take da zancen kasuwa. Ɗaruruwan yara ne ke karanta ta lokaci guda, da tsoro a ciki, da addu'a a baki, su kafa mata ido, su maimaita ta, su rubuta ta da hannu. Baki da yawa haka ba a ɗora shi a kan mai rai. Matattu kuwa ba abin da zai same su, ga shi kuma duk shekara in ya buga sunayensu yakan tuna ya yi masu addu'a. Yaro da Delu mata da miji ne. Na ukun da kyankyaso ya ci Muntari ne, ƙanen Malam Maccido uwa ɗaya uba ɗaya. Shekaru ashirin da suka wuce su ukun suka yi wa jirgi lodin albasa fiye da kima don su riski kasuwar Jega, jirgin ya kife da su a tsakiyar gulbi da rana tsaka, mutane na kallo daga gaɓa.

Raina ya ɓaci, don tsoro in ya yi mani yawa faɗa yake zama. Na ce, "Haba Malam! Raihanatu nawa ne a ƙasar nan? A ajina kaɗai akwai biyu. Kuma mu Musulmi ne, rai da ajali na hannun Allah."

"Suna hannun Allah, ko shakka babu," in ji shi. "Amma da kana bugawa, wace Raihanatu zuciyakka ta nufa? Kuma in ba ka yarda ba, mi ya kawo ka Liba cikin wagga rana?"

Na sunkuyar da kai, sai ga hawaye, ni da ban yi kuka ba ranar da aka binne ubana. Tsohon bai ce in yi haƙuri ba, ya bar ni na gama. Sannan ya ce abin da yake gani shi ne a mayar da Muntari wurinsa. Ai bayan kowace jarrabawa akan yi darasin gyara, malami ya rubuta amsa a allo yara su kwafa. To a yi gyaran tambayar nan a makarantun uku, da sunan Muntari, kowane yaro ya rubuta. A yi sadaka, a dage da addu'a. Ya ce bai yi mani alkawarin komai ba, don bai taɓa ganin an yi irin wannan kuskuren ba. Ya shiga ɗaki ya rubuto wasiƙa biyu zuwa ga malaman Turanci na Aliero da Maiyama, waɗanda duk ɗalibansa ne a da, ya ce su yi yadda na ce kada su tambaye ni dalili. Da zan tafi har ya ɗaura mani ƙullin albasa a bayan babur, wai a kai wa mai jiki.

Juma'a da safe na yi gyaran a ajina. Na rubuta Muntari da manyan baƙaƙe har alli na karyewa, na bi layi-layi ina duba littafin kowa. Aliero da Maiyama suka yi nasu ranar Litinin. Rabi ta soya waina aka raba wa yaran unguwa. Ranar nan na baro makaranta da wuri na zauna kusa da tabarmar yarinyar ina jiran tsakar rana, ina kallon inuwar katanga tana janyewa.

Lokacin na yi, sai ta buɗe ido. Wannan karon ko miƙewa ba ta iya yi ba, ta rame har wuyanta ya zama kamar na ɗan tsako. Ta juya kai wajen ƙofar ɗaki, ba ta gida ba, ta yi kasaƙe tana saurare.

"Baba, sun ce a gaya maka."

"Mi sunka ce?"

"Sun ce Muntari ya sauka tun ranar da anka ba su ni. Wanda ya sauka ba ya komawa. Sun ce jirgi ba ya tashi da mutum biyu, kuma sun gaji."

Rabi ta fasa kuka ta rungume ta. Ni kuwa idona na kan dokin ƙofa, inda ƙasa ta yi duhu da danshi, tana ƙara faɗi a hankali. Ranar Juma'ar farko a waje suke, gindin bishiya. Yau ga su a bakin ɗaki.

Ba zan yi wa kaina ado ba a abin da ya biyo baya. Talata da sassafe na shiga ofishin shugaban makaranta na ce masa na gano kuskure a tambaya ta goma sha bakwai, kuskuren da zai sa a yi mana dariya a hedikwata, don haka dole a soke ta a sake ba yara ita a 'yar takarda daban. Mutum ne mai tsoron a yi masa dariya, nan da nan ya sa hannu, har ya ciro sitensil sabo daga inda yake ɓoyewa. Na kulle kaina a ofis na buga jimlar. Yaro. Delu. Na tsaya.

Na san abin da uba na gari zai buga. Na ma fara, Allah shaida ne. Na danna harafin farko na sunana, na danna na biyu, sai yatsuna suka ƙi. Na zauna ina zufa ina gaya wa kaina cewa in na tafi wa zai riƙe Rabi, wa zai riƙe yarinyar, wa zai riƙe tsohuwata. Duk gaskiya ne, amma ba shi ne dalili ba. Tsoro na ji, tsoron ruwan nan da warin nan. Na shafe haruffa biyun da jan ruwa. Sai na shiga laluben mutane a raina kamar mai zaɓen akuyar yanka, wannan yana da yara ƙanana, wancan bai yi mani komai ba. Can sai zuciya ta ce, ai akwai wanda ya haura saba'in, ya ci zamaninsa, ya aurar da 'ya'yansa, kuma ma tambayar tasa ce, mutanen nasa ne, shi ya ajiye su cikin adaka. Ka ji yadda Shaiɗan ke iya tsara magana, komai a jere ba karkatacce. Na buga Maccido. Kuma na san wane Maccido nake nufi, don ina bugawa ina ganin zaren nan na tabaransa.

Ni da kaina na kai takardun Aliero da Maiyama ranar Laraba. A Maiyama malamin ya dubi 'yar takardar ya yi dariya ya ce ashe an karrama tsohonmu. Na ce e, an karrama shi. Hanyar Liba na gefen dama in ka fito, ban ko waiwaya ba. Alhamis da ƙarfe goma yara suka rubuta, minti biyar aka ba su.

Kafin azahar ɗin ranar na iso gida na tarar da Rabi a tsakar gida tana dama fura. Ta ce yarinyar ce ta ce tana jin yunwa. Na shiga ɗaki na durƙusa na kama ƙafafunta, na ji su da ɗumi. Tsakar rana ta zo ta wuce tana barci. Na yi murna, kada wanda ya ce ban yi ba. Na yi murnar da ban taɓa yin irinta ba, na fita bayan gida na yi sujada a kan ƙasa mai zafi. Sai da na ɗago ne na tuna abin da nake gode wa Allah a kai. Cikin kwana huɗu ta fara fita wasa. Na tambaye ta baƙin nan, ta ce waɗanne baƙi?

Ranar Talata ta sama, ina zaune a zaure da ɗaurin takardun da aka dawo mani da su don in duba, na ji sallama. Malam Maccido ne, da sandarsa, ya tako daga tasha a ƙafa cikin rana. Na miƙe takardu suka zube. Na shimfiɗa masa tabarma, ya zauna da kyar, ya tambayi mai jiki. Na kira ta ta zo ta durƙusa ta gaishe shi, ya dafa kanta ya yi mata addu'a mai tsawo, ya ce ta koma wasanta. Da ya janye ƙafafunsa sai na ga bakin rigarsa a jiƙe yake har zuwa ƙwauri, kuma daga tasha zuwa gidana babu ko kwata mai ruwa a watan nan.

"Alhamdu lillahi, ta samu lahiya," ya ce. "Hankalina ya kwanta."

Na buɗe baki, ban san ko ƙarya zan yi ko roƙo ba. Ya ɗaga hannu.

"Bari, Attahiru. Ba faɗa ya kawo ni ba. Tun Alhamis suna zuwa, muna gaisawa, mutanen kirki ne tun suna duniya. Abu guda nike so ka sani. Da ka tambaye ni, da na ba ka sunana. Da ka zo Liba ka ce Malam gyara bai yi ba, wallahi da hannuna zan buga maka shi. Mi ya rage mani?"

Na kife fuskata a tafin hannu. Da ya zage ni, ko ya ɗaga sandar nan ya sauke mani a ka, da na ji daɗi.

"Sai dai da ka tambaye ni," ya ci gaba, "da na ce ka bar Maiyama, ka yi da Jega da Aliero. Ina da jika a ajin ƙarshe can, Maijidda, ɗiyar ɗana da ya rasu. Ni na rene ta tun tana goye. Ranar Alhamis ta dawo gida da gudu tana dariya, ta ce Kaka, sunanka ya fito a jarrabawa, kuma na tabbata na ci tambayar. Da hannunta ta rubuta ni cikin jirgin nan, tana murna."

Ban san yana da jika a makarantar ba. Ban tambaya ba, ban ko yi tunanin in tambaya ba.

Ya dafa sanda ya miƙe. Ya ce roƙonsa ɗaya ne, kada Maijidda ta taɓa sani, ko bayan shekara hamsin, ko daga bakina ko daga bakin Rabi. Kuma in na zo kan takardarta in duba ta kamar ta kowa, kada in ƙara mata don tausayi, kada in ɓoye ta, don za ta zo neman makinta. Na ce zan kai shi tasha a babur, ya ce a'a, yana da abokan tafiya. Na tsaya a ƙofar zaure ina kallonsa yana tafiya a tsakiyar hanya, yana ɗan matsawa gefe kamar mai ba wani wuri.

Ranar Alhamis da azahar aka aiko daga Liba. An same shi a ƙarƙashin rumfarsa da tsakar rana, a zaune, ya jingina da tsibin albasa. Na je jana'iza, na yi sahu, na karɓi gaisuwa tare da dangi don kowa ya san ni ne magajinsa a makaranta. Na sani rai da ajali na hannun Allah, na faɗa wa kaina haka sau dubu, kuma tsoho ne mai shekaru. Amma na san abin da na nufa lokacin da na buga sunan, kuma wannan ba mai sauke mani shi.

Da na dawo na kwance ɗaurin Maiyama. Takardar Maijidda ce ta arba'in da ɗaya. Rubutu ne mai tsabta, irin na wadda aka zaunar aka koya mata a gida, kowane waƙafi a mazauninsa, karkataccen aikin ta miƙar da shi. A ƙarƙashin sunan kakanta ta ja ɗan layi da fensir, don jin daɗi. Na nemi kuskure ko ɗaya ban samu ba. Na ɗauki jan biro na ba ta maki biyunta.

Yanzu malamar makaranta ce a Aliero, da 'ya'yanta huɗu. Duk Sallah sai ta zo Jega ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce ni ne abokin Kaka na ƙarshe, don ni ya tako ya ziyarta kwana biyu kafin ya rasu. Takan tambaye ni abin da muka tattauna a ranar, ni kuma in ce mata zancen makaranta ne.